Ɗan Tudu a Bikin Fitilu

Hausa tana da kalmomi da yawa na barin gida, kuma kowace da nauyinta. Akwai fatauci, akwai ci-rani, akwai bida kamar yadda mutanen Adar ke faɗi, akwai almajiranci, akwai tafiya Gabas don sauke farali, akwai kuma gudun hijira da ba a yi wa kowa fatansa. Wanda ya auna waɗannan kalmomi zai tarar abu guda ya haɗa su: dukkansu wahala ce da ake ɗauka domin wani amfani da za a kawo gida. Matafiyi yana da izinin ya sha rana, ya kwana a tasha, ya yi wata shida yana cin gari da ƙuli-ƙuli, muddin zai komo da buhun hatsi, ko turmin atamfa, ko allon sauka. Abin da harshen bai tanadar masa ba shi ne izinin ya ji daɗin inda ya je. Da zarar an ce wane yana jin daɗin ƙasar mutane, to magana ta kama hanyar zama zargi: ya shantake, ya manta gida, bariki ta cinye shi. Ko “yawon buɗe ido” ma kalma ce ta baya-bayan nan, kuma galibi Turawa ake nufi da ita.

Da wannan kaya a ka wani malamin lise daga Damagaram ya sauka Sen-Luwi ta ƙasar Senegal a watan Nuwamba na 2004, kwanaki kaɗan bayan ƙaramar salla. Ƙarin karatu na shekara biyu ya kai shi jami’ar Gaston Berger, wadda aka buɗe a 1990 a bayan gari. Mutum ne da ya tashi a unguwar Birni, inda yaro ke farkawa kafin asuba ya kai garwa layin famfo, inda kuma ake tsawata wa wanda ya yi alwala da buta cike. Ruwa mafi girma da ya taɓa gani shi ne tabkin Gidimuni, sai kogin Isa da ya hanga daga kan gada a Yamai. Tsakanin ƙofar gidansu da teku mafi kusa akwai kusan kilomita 1000. Kalmar “teku” kuwa ya sha koyar da ita a aji, cikin Hausa da Faransanci, kamar yadda ake koyar da kalmar “ƙanƙara mai sauka daga sama” ga yaran da ba su taɓa jin sanyin da ya wuce na hunturu ba.

Garin da ƴan ƙasa ke kira Ndar kashi uku ne, kuma ruwa ne ya raba su. Akwai Sor a kan tudu, inda tasha da babbar kasuwa suke. Daga nan sai a hau gadar Federb, gadar ƙarfe mai tsawon mita 507 da aka buɗe a 1897, a sauka kan tsibiri. Tsibirin siriri ne, tsawonsa kilomita biyu da ƴan kai, faɗinsa bai kai mita 400 ba, har mai tsaye a tsakiyar titi yakan ga ruwa ta dama ya ga ruwa ta hagu. A nan Faransawa suka kafa sansaninsu a 1659, a nan kuma tsofaffin benaye masu barandar katako suke, waɗanda suka sa hukumar UNESCO ta saka tsibirin cikin kayan tarihin duniya a 2000. Idan aka sake ƙetare wata ƴar gada sai a faɗa wani zirin yashi da Faransawa suka raɗa wa suna Harshen Barbari, wanda ya tsaya tsakanin kogin Senegal da tekun Atlantika. A kan wannan yashi unguwar masunta ta Get-Ndar take, cunkushe da mutane da tumaki da kekunan doki da kwalekwale masu fenti.

Malamin ya sami ɗaki a kudancin tsibirin, a gidan wata dattijuwa da mijinta, tsohon ma’aikacin gidan waya, ya rasu ya bari. Aja ake kiranta, kamar yadda ake kiran Hajiya a can. Tun daren farko ya buɗe littafi ya raba kuɗin tallafin karatunsa kashi uku: na iyalinsa, na mahaifiyarsa, da ɗan abin da zai riƙe ransa. Lissafin bai yi wuya ba, tun da jikkar Ndar ita ce jikkar Damagaram, sefa ɗaya ake kashewa. Makonnin farko ya yi su kamar kowane ɗan ci-rani na kirki. Da safe ya shiga mota zuwa jami’a, da yamma ya komo ya rufe taga saboda iskar teku, ya ci burodi da shayi, ya duƙufa kan takardu. Ƙarar raƙuman ruwa da ke isowa ɗakinsa cikin dare ya ɗauke ta kamar ƙarar injin niƙa na maƙwabta: abu ne da ake haƙuri da shi.

Abin da ya fara sassauta masa zuciya tarihi ne, domin malami ta ƙofar littafi yake shiga gari. Ya gano cewa Ndar da Damagaram ƴan uwan juna ne ta wajen rashi. A 1899, shekarar da sojojin Faransa suka ci Damagaram suka kashe Sarki Amadu Kuran Daga, babban gwamnan da ke bisa dukkan Afirka ta Yamma ta Faransa a wannan tsibiri yake zaune, kuma ya ci gaba da zama a nan har 1902 da aka mayar da kujerarsa Dakar. A ƙarshen shekarun 1950 aka kwashe sauran mulkin, Senegal ta koma Dakar, Muritaniya ta koma Nuwakshot, aka bar Ndar da benaye da alfahari. Haka aka yi wa Damagaram a 1926, sa’ad da aka ɗauke hedkwatar Nijar aka kai Yamai, kuma ƙarancin ruwa yana cikin dalilan da aka kawo. Har ila yau, makarantar horon malamai da ta zama Wiliyam Ponti, inda Bubu Hama da Jori Hamani suka yi karatu bayan an mayar da ita tsibirin Gore, a Ndar aka buɗe ta a 1903. Da ya ga yadda dattijon Ndar ke gyara zaman babbar rigarsa idan an ambaci Dakar, sai ya tuna da dattawan ƙofar fada idan an ambaci Yamai. Irin kallon guda ne.

Aja ce ta fitar da shi daga ɗaki. Wata ranar Lahadi bayan la’asar ta tsaya bakin ƙofarsa ta ce: “Ɗana, a garin nan mara lafiya kaɗai ke zama cikin ɗaki a wannan lokaci. In ciwo gare ka, faɗa mini in nemo magani. In kuwa lafiya kake, sa rigarka mai kyau ka fita, kada maƙwabta su ce na ɓoye baƙo.” Wannan lokaci shi ne suke kira takusan, tsakanin la’asar da magariba, kuma mutanen Ndar sun mayar da shi wata al’ada mai zaman kanta. Ana wanka, a sa tufafi masu kyau, a turara su, a fita a taka a hankali a bakin kogi, a gaisa, a tsaya, a sake gaisawa. Ba kasuwa za a je ba, ba kuma gidan biki ba. Ga mutumin da aka koya wa cewa duk tafiyar da ba ta da dalili yawon banza ce, wannan darasi ne mai wuya. Ya yi shi duk da haka, don kunyar Aja, kuma ƙafarsa ta kai shi har bayan Get-Ndar, inda yashi ya ƙare.

A nan ya ga jiragen masunta suna komowa. Ya ga yadda matuƙi ke tsayar da jirgi a bayan raƙuman ruwa yana ƙidaya su, har ya zaɓi wanda zai hau, kana ya saki inji jirgin ya taho bisa ƙeyar ruwa kamar doki a sukuwar salla. Ya ga matasa sun shiga ruwa iya ƙirji da akwatuna a ka, mata suna ciniki da murya sama, kekunan doki suna ɗiba, manyan motoci masu ƙanƙara suna jira don kai kifi Dakar da cikin ƙasa. Ƙaramin kifin da suke kira yaboi, abincin talaka, a lokacin yawansa har a ƙasa ake zubar da shi. Ɗan garin da ake sayen bandar kifin Tabkin Cadi da tsada, a gutsura ta cikin miya don ƙamshi, ya tsaya yana kallon tudun kifi kamar tudun gyaɗa a zamanin da Damagaram ke da gyaɗa. Daga ranar ya bar rufe taga.

Daga ranar kuma ya karɓi gayyatar da ya daɗe yana kaucewa, ta zama a babban kwanon gidan da azahar. Cebujen, wato shinkafa da kifi, a Ndar aka haife shi, kuma mutanen garin suna danganta shi ga wata mai dafuwa ta ƙarni na 19 da ake kira Penda Mbay. Ana tsaga kifi a cusa masa dakakken faski da tafarnuwa da barkono, a soya, a dafa shi cikin romon tumatir tare da rogo da kabeji da karas da gauta da ɗan busasshen kifi mai ƙarfin wari, kana a tsame duka a dafa ɓarzajjiyar shinkafa cikin romon. Akwai ladabin cinsa. Kowa yana ci daga gabansa, ba a miƙa hannu tsakiya. Uwar gida ce ke gutsuro kifi da kayan lambu tana turawa gaban kowa, kuma daga yawan abin da ta tura gaban mutum yake gane matsayinsa a gidan. Watanni biyu ba su cika ba Aja ta daina tura masa babban yanki na baƙo, ta koma ba shi daidai da na ƴaƴanta. Ya lura, kuma ya ji daɗin wannan ragi fiye da kowace kyauta.

A makon ƙarshe na Disamba aka yi Fanal. Asalinsa yana komawa ƙarni na 18, lokacin da sinyar, wato matan garin masu dukiya waɗanda suka auri fataken Turawa, suke tafiya coci a tsakar daren Kirsimeti, bayi da barori suna gabansu da fitilu na takarda. Kowace tana son fitilarta ta fi ta ƴar uwarta, har fitilun suka girma suka zama gine-gine. Al’adar ta yi sanyi na wasu shekaru, kana aka farfaɗo da ita a ƙarshen shekarun 1990. Unguwa ko ƙungiya takan yi makonni tana haɗa nata da katako da takarda mai launi, a siffar bene ko masallaci ko jirgin ruwa, wani ya kai tsayin soro, a kunna masa wuta daga ciki, a turo shi cikin dare zuwa dandalin da ke gaban fadar gwamna. Makaɗan sabar suna gaba, mata cikin anko suna biye suna waƙar yabon wanda aka yi fitilar da sunansa, suna ambaton iyaye da kakanni, ƴan mata kuma sun yi shigar sinyar da dogon ɗaurin kallabi mai tsini. Malamin bai ji kalma goma cikin waƙoƙin ba, amma bai buƙaci tafinta ba. Wanda ya taɓa tsayawa ƙofar fadar Damagaram ranar hawan salla ya san yabo idan ya ji shi, ya kuma san gasar unguwa da unguwa.

Sai dai abin ya tsaya masa a rai. Biki ne da ya samo tushe daga daren Kirsimeti, kuma daga zamanin bauta, ga shi kuwa kusan duk masu turin fitilun Musulmi ne. Ya kai tambayar wajen wani tsohon tela da suke sahu ɗaya a masallaci, mutumin da ba ya rabuwa da tasbaha. Tela ya ce: “Malam, kakata tana cikin masu ɗaukar fitilar, ba ta cikin masu shiga cocin. Waɗanda suka ɗauka su suka gāje ta. Yanzu sunan wanda muka ga dama muke sa mata.” Kana ya nuna masa hasumiyar babban masallacin da ke arewacin tsibirin, wadda ke ɗauke da agogo da ƙararrawa, ya ce garin da masallacinsa ke da ƙararrawa ya daɗe da koyon zama da abin da tarihi ya bar masa. Malamin ya tuna da wasan kara na garinsu, inda talaka ke yin shigar gwamna da minista ya bi titi ana dariya. A can ma an ɗauki kayan masu mulki an mayar da su abin wasan jama’a, kuma ba wanda ya ce an bar addini.

Daga nan shekara ta buɗe masa kamar tabarma. Babbar salla ta zo a watan Janairu na 2005, ya ga raguna a ɗaure har bakin teku ana wanke su da ruwan gishiri. Bayan wata guda aka yi Tamkarit, wato Ashura, da dambun gero da nama, aka ce kowa ya ci ya ƙoshi, sai ya yi dariya domin cika-ciki ce sak. Cikin dare kuma yara suka fito, maza da kayan mata, mata da kayan maza, suna kaɗa gwangwani gida gida kamar ƴan tashe. A ƙarshen azumin Kirista maƙwabtan Aja suka aiko da ƙwarya cike da ngalah, wani kunun gero da tunkuzar gyaɗa da garin ƴaƴan kuka, kamar yadda ita ma ta aika musu da naman layya. Da bazara aka yi bikin kiɗan jaz da garin ke shiryawa tun 1993, ya tsaya daga nesa ya ji yadda ƙahon Bature ke amsa wa kora. Wanda ya fi burge shi shi ne tseren kwalekwale a kan kogi, inda unguwannin masunta ke fito da dogayen jirage, kowane da matuƙa da yawa, filafilai suna faɗawa ruwa a tare kamar taɓaren ƴan mata a turmi guda, gari duka yana bakin gaɓa yana ihu.

Ana cikin haka labarin gida ya fara isowa. Daminar 2004 ta zo da fari da fara, kuma tun kafin daminar 2005 ta kankama rumbuna sun ƙare a ƙauyukan Maraɗi da Tawa da Damagaram. Farashin buhun hatsi ya ninka, dabbobi suka faɗi, mutane suka koma ga anza da ganyaye. Rediyo yana faɗi kowace safiya, talabijin ɗin falon Aja kuma yana nuna yara a wuraren jinya na Maraɗi, da fuskoki irin na ɗalibansa. Ya sake buɗe littafin lissafi, ya rage kashinsa ya ƙara a na gida. Wannan bai isa ya kwantar masa da rai ba. Loma ta fara tsaya masa a wuya. Ya janye daga babban kwano, ya ce karatu ya yi yawa, ya daina fita takusan, ya sake rufe taga. A ganinsa, mutumin da danginsa ke jiƙa anza kwana da kwanaki don a cire mata ɗaci ba shi da hurumin zama gaban kifi, balle ya tsaya kallon tseren jirage.

Ya rubuta wa matarsa haka, ita kuwa ta karanta wa surukarta. Ranar da ya shiga ɗakin wayar kuɗi ya kira gidan maƙwabcinsu, aka ce Inna na son magana da shi. Da yake ɗan fari ne, ba ta kama sunansa. Ta ce: “Kai, an ce kai ma yunwar kake yi a can? To mu da muka rasa muna haƙuri da hukuncin Allah. Kai da Ya ba ka ka ƙi ci, wa ka ciyar? Abin da ka aiko ya iso, an sayi hatsi, an raba har gidan gwaggonka. Ka ci abincin mutane, in sun kira ka ka je, kada a ce ɗan Damagaram bai san girman kira ba.” Bai sami abin cewa ba sai “To, Inna.” A cikin makon nan kuma Aja ta shigo ɗakinsa da ambulan. Matan adashinsu ne suka haɗa, suka ce a kai wa mutanen gidan baƙonsu. Ta ce farar da ta cinye gonakin Nijar ita ce ta bi ta kansu a 2004 ta cinye na kwarin kogi, saboda haka ba labari ba ne a wurinsu. Matan da suka haɗa kuɗin su ne dai waɗanda ya gani cikin anko suna rawa a bayan fitila.

Wannan ya sa ya sake duban masu bikin da kyau. A kudancin Get-Ndar akwai maƙabartar masunta, inda ake lulluɓe kaburbura da tsofaffin komaye, kuma kowa a unguwar ya san waɗanda ba a sami gawarsu ba balle a yi musu kabari. A watan Oktoba na 2003, da kogi ya yi barazanar cinye gari, hukuma ta sa aka yanka wata ƴar hanya mai faɗin mita huɗu a jikin Harshen Barbari don ruwa ya fita teku. Teku ya karɓi hanyar ya yi ta faɗaɗa ta, daga mitoci zuwa ɗaruruwan mitoci, daga baya har kilomitoci, kuma a wannan baki jirage suka riƙa kifewa da masunta. Matuƙan da ya gani suna tsere ranar biki su ne ke ratsa wurin kowace asuba. Haka kuma ranar 5 ga Satumba ya ga dubban almajiran Muridiyya sun cika dandalin fadar gwamna, suna tunawa da raka’a biyu da Shehu Ahmadu Bamba ya yi a wurin a 1895, ranar da aka yanke masa hukuncin kora zuwa Gabon. Ranar baƙin ciki ce a asalinta, amma sun mayar da ita ranar taro da ciyarwa, ana bin baƙi da kofin gahawa ana roƙonsu su sha. A garin nan duk bikin da ya tona sai ya tarar da kabari ko rabuwa a ƙarƙashinsa.

Fanal na Disamba 2005 bai kalle shi daga gefe ba. A daidai lokacin da Yamai ke karɓar wasannin ƙasashe masu amfani da Faransanci karo na 5, mutane kuma suna tambayar ko ya dace a yi wasa a shekarar yunwa, shi yana tsugune a wani kango tare da samarin unguwa yana shafa ƙullun manna takarda. Da suka ji malami ne, suka ba shi aikin rubuta sunan wadda aka yi fitilar dominta, da haruffan boko da na Larabci. Wani saurayi ɗan masunta, mai ƙarfi da yawan dariya, shi ya koya masa yadda ake ɗaure katako don kada iska ta karya ginin, yana kiransa “Nijar” kamar sunan yanka. Daren bikin suka tura fitilar tare, kafaɗa da kafaɗa, tun daga bakin unguwa har dandali.

Cikin 2006 jiragen da aka sassaƙa don kamun kifi suka fara ɗaukar mutane zuwa tsibiran Kanari na ƙasar Sipaniya, tafiyar kwanaki a kan buɗaɗɗen teku. A wannan shekara kaɗai fiye da mutum 30,000 suka isa can, waɗanda ba su isa ba kuwa ba wanda ya ƙidaya su. Samari suna cewa ko Barsa ko Barzahu, wato ko birnin Barselona ko lahira, kuma kalmar ta biyu ba ta buƙaci fassara ga Bahaushe ba. Saurayin nan yana cikin waɗanda suka tafi. Har malamin ya bar garin a watan Yuli ba a ji ɗuriyarsa ba. Ya je gaida uwar yaron, ya tarar da ita tana shanya kifi. Ta ce kifi ya ragu, manyan jiragen ƙasashen waje sun kwashe, yaro kuma ba ya iya zama yana kallon uwarsa tana bashi. Maganar da ake yi a Tawa da Matamai ce game da masu tafiya Libiya da Aljeriya, sai dai a can yashi ne ke cin mutane, a nan ruwa.

Da ɗan gari akan ci gari, in ji Hausawa, kuma galibi ana fassara karin da yaƙi ko ciniki. Yana da wata fuska. Ba a cin gari sai an ci abincinsa, an tsaya a rana tare da mutanensa, an ɗauki wani abu mai nauyi ranar bikinsu. Baƙon da ya ƙi wannan duka don tsoron a ce ya manta gida yana komawa da takardar shaida da ƴan kuɗi, amma bai san kowa ba, kuma ranar da gidansu ya shiga wahala ba wanda zai shigo ɗakinsa da ambulan. Tsoron da ke cikin kalmar “shantakewa” yana da dalili, domin an ga waɗanda suka tafi suka bar mata da yara ba aike ba saƙo. Amma ma’aunin wannan shi ne abin da ya isa gida a farkon wata. Ramar matafiyi ba ta cika rumbun kowa.

Ndar da ya sani ta canja. An sake ƙera gadar Federb tsakanin 2008 da 2011. Gunkin Federb da ke tsakiyar dandalin da ake kai fitilu ya faɗi a 2017, kuma a 2020 aka sauya wa dandalin suna zuwa Baya Ndar. A 2017 da 2018 teku ya rushe gidajen da ke layin gaba a Get-Ndar, aka kwashe iyalai zuwa tudu, nesa da jiragensu, wasu a wani wuri da ake kira Har Yalla, ma’ana jiran Allah. A 2021 UNESCO ta saka cebujen cikin al’adun duniya da ake kiyayewa. Aja ta rasu, tela ma haka.

Malamin yana nan yana koyarwa. Idan tsohon ɗalibinsa ya sami gurbin karatu a Dakar ko Rabat ko Tunis ko Kwatano ya zo sallama, ba ya yi masa doguwar nasiha. Yakan ce ya fitar da kason gida ranar da kuɗi suka shigo, tun kafin ya sayi ko sabulu. Bayan haka, in ya ji ganga a unguwar da ya sauka, ya sa rigarsa mai kyau ya fita, ya gaida dattawa, ya tambayi abin da ake buƙatar a ɗauka.